Ɗarin da Na Sani da Wanda Za Ki Tarar

Malanbil, bayan an tashi kasuwa.

Zuwa ga ɗiyata Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun sauka Kwatano lafiya, ke da jikana, angona Karimu, kuma gajiyar mota ta sake ku. Ki gaishe mini da kawunki da iyalinshi, ki ce na gode da sunka sauke ku. Allah ya tsare ku a sauran tafiyar da ta rage, ya sauke jirginku lafiya, ya sada ku da maigidanki cikin alheri.

Na zaɓi in rubuto miki ne don na san halinki a waya. Ina magana kina "To, Inna, to, Inna," ina kashewa kin manta. Takarda kuwa tana zamnawa a jaka.

Bari in fara da maganar da munka rabu a kanta. Na ce ki bar mini Karimu har ɗarin Kanada ya wuce, kinka ce a'a, yaro ya kai shekara biyu bai san ubanshi ba sai a waya. Na yi fushi a tasha gaban mutane, ban ko ɗauke shi na yi mishi wasa ba. Ke ce da gaskiya, kuma na janye maganata. Tsoro ne ya sa ni, kuma in kin karanta abin da ke ƙasa za ki san inda tsoron ya fito.

Ni ban san ɗarin Kanada ba, ba kuma zan yi miki ƙaryar na san shi ba. Abin da na sani shi ne sanyi ba iri ɗaya ba ne. Duk lokacin da ya kayar da ni, ya same ni ne ina ganin na riga na san shi.

Na gida kin tashi cikinshi. Iska ta taso daga gulbi da asuba, leɓe ya tsage, diddige ya fashe, masunta su hura wuta a bakin ruwa. Da hantsi ya ɗaga kowa ya yar da mayafi. Iya mahaifiyata, tun ana yankan shinkafa rana tana ƙuna, take fito da barguna ta shanya, ta ɗinke wanda ya yage, ta tara icce bayan ɗaki, ta aika garin Madekali a kawo mata man kaɗe. Ina budurwa nakan yi mata dariya, in ce, "Iya, gumi muke yi, ke kina fama da bargo." Sai ta ce, "Ran da za ki buƙace shi, yatsunki ba za su riƙe allura ba." Ban ɗauki maganar ba sai da na girma. Ke ki ɗauka tun yanzu. Maigidanki ya ce za ku sauka ganye yana zuba, sanyin gaske bai kankama ba. To, makon farko na shiri ne, ba na hutu ba. Manton nan, rigar sanyin da na saya miki a layin gwanjo, kada ki dogara da shi. Zai kai ki daga jirgi zuwa gida, shi ke nan aikinshi. Kayan ɗarin gari a garin ake sayensu, kuma mutanen garin ake tambaya.

Wannan tambayar ita ce ban yi ba da zan tafi Agadas karo na farko. Shekara guda ce kafin in haife ki. Albasar Galmi ta ƙare a kasuwa, ta Agadas ce ke fitowa a lokacin ɗari, sai Tanti Gambi, maƙwabciyata a layin albasa, ta ce mu je mu saro da kanmu mu daina saye hannun dillalai. Ita ta saba hanyar. Munka samu kamyon, babbar motar kaya mai kai masara arewa, munka hau saman buhuna tare da wasu fasinja.

Ran tafiyar na zo da zane biyu da gyale da ƙaramar jaka. Gambi kuwa ta zo da ƙunshi kamar mai ƙaura: bargo mai kauri, hular ulu irin ta jarirai, safar maza, da wata tsohuwar rigar sanyi ta mijinta. A bakin gada, muna jiran 'yan duwan, masu binciken kaya a iyaka, su gama da takardun mota, zufa tana zuba mini, na dube ta na ce, "Gambi, aure za ki sake a Agadas?"

Ta ce, "Rabi, ina bargonki?"

Na ce, "Ni 'yar bakin gulbi ce. Wane sanyi ne ban gani ba?"

Sai ta gyara ƙunshinta kawai. Har munka kai garin Tawa ni ce mai gaskiya. Bayan mun wuce Abalak rana ta faɗi, direba kuma ya ce ba zai tsaya ba sai asuba. Hadiza, wannan ba irin namu ba ne. Babu itace, babu gida, babu abin da ke tare iska, ga gudun mota yana ƙara mata kaifi. Na yafa zane na biyu, na ɗaure kai da gyale, na shige tsakanin buhuna. Gambi ta ɗaga gefen bargonta ta ce in shigo. Na ce na gode, lafiya lau nake. Kunyar dariyar da na yi mata ce ta hana ni, ba wani abu ba. Ta sake tayi, na sake ƙi, sai barci ya ɗauke ta.

Na yi rawar ɗari har haƙorana suna haɗuwa. Can kuma sai rawar ta tsaya. Na ji jikina ya yi daɗi, wani ɗumi-ɗumi ya zo mini, barci mai nauyi yana ja na. Na ce a raina, ai ga shi na saba. Har na sassauta zanen.

Da mota ta tsaya don sallar asuba kowa ya sauka ban da ni. Abin da ya biyo baya Gambi ce ta ba ni labari. Ta ce ta kira ni ban amsa ba, ta girgiza ni na buɗe ido ina magana kamar mashayi, ina kiranta da sunan Iya. Ta yi kururuwa, maza sunka sauko da ni kamar buhu. Wani fasinja ya ce a kai ni bakin wuta a murza mini ƙafafu. Akwai wata tsohuwar Buzuwa a cikin motar, ita ta hana. Ta sa anka shimfiɗa tabarma a inda mota ta tare iska, ta ce Gambi ta kwanta ta rungume ni jiki da jiki, anka rufe mu da bargo har kai. Da na fara iya haɗiye abu, ta riƙa ba ni shayi mai sukari kaɗan-kaɗan. Sai da rana ta fito sosai rawar ɗarin ta dawo mini. Tsohuwar ta ce wa Gambi, "Yanzu ta dawo. Mai rawa yana da rai a jikinshi."

Da na iya magana, abin da Gambi ta fara ce mini shi ne, "Da kin mutu, me zan ce wa mijinki? In ce bargo yana hannuna?" Tana faɗa tana kuka, tana sa mini safar mijinta a ƙafa.

Ga abin da na kwaso daga wannan tafiya. In wanda ya riga ki zama a gari ya ce ki sa kaza, ki sa, ko da kin ga kin yi muni a ciki. Riguna marasa kauri guda uku sun fi mai kauri guda ɗaya, don kina iya ragewa in kin shiga ɗaki. Kai da kunne da yatsu da ƙafa su sanyi ke fara kamawa. Kada ki fita da yunwa. Iska ta fi sanyin kanshi mugunta, saboda haka in kina jiran mota ki nemi abin da zai tare ki. Kuma ki riƙe wannan da kyau saboda Karimu: yaro mai kuka da rawar ɗari da sauƙi. In ya yi shiru a waje, ya yi lamo, yana neman barci, kada ki ce ya saba. Ki shiga da shi ɗaki nan take, ki sa shi a ƙirjinki.

Bayan Agadas sai na koma matsoraciyar sanyi, kuma wannan tsoron ya kusa yi mini ɓarnar da ta fi ta farko. An haife ki a tsakiyar ɗari. Tun da ba haihuwar fari ba ce, ban je gida wanka ba, a ɗakina na zamna. Iya tana zuwa safe da yamma ta yi mini ruwan wanka ta koma. Ke kuwa kin zo ƙarama, hannunki kamar na 'yar tsana, kullum ina taɓa ƙafarki in ji ta yi sanyi. Sai na bi taga na cusa tsumma a duk inda iska ke shigowa, na rataya bargo a ƙofa. Wata safiya da babanki, Allah ya jiƙan shi, ya fita masallaci, na ga garwashin murhu bai mutu ba. Na zuba gawayi a kasko, na ɗora garwashin a kai, na shigo da shi ɗaki, na sa sakata, na koma na kwanta da ke.

Babu hayaƙi, babu wari. Kaina ne ya fara sara, na ce rashin barci ne. Da babanki ya dawo ya buga ƙofa, ina jin shi sarai, ina so in tashi, ƙafafuna sunka ƙi. Ya kira, "Rabi! Rabi!" Bakina ya kasa amsawa. Da kafaɗa ya ɓalle sakatar. Ya ce da ya ɗauke ki, wuyanki ya langaɓe kamar rigar da anka jiƙa. Ya jawo ni tsakar gida ya bar ni hannun maƙwabta, ya fita da ke a guje babu takalmi, ya tare ɗan kabu-kabu sai asibiti.

Ni ina tsakar gida ina amai, ban san ko kina da rai ba. Sai da hantsi anka kai ni. Na tarar da ke kina tsala kuka, ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Malamar asibitin ta zamnar da ni ta ce, "Madam, gawayi yana cinye iskar ɗaki, ya saki wata da ba a gani, ba a jin warinta. Babba yana iya tashi da ciwon kai. Jariri ba ya tashi." Iya ba ta yi mini faɗa ba. Ta je ɗakin da kanta ta zare tsummokaran nan ɗaya bayan ɗaya, ta ƙone su.

An ce gidajen can a rufe suke ruf, da na'urar ɗumama ɗaki. Ki sa maigidanki ya nuna miki yadda ake kunna ta da yadda ake kashe ta tun ranar farko, ki gwada da hannunki yana kallo. Kada ki taɓa kunna murhun girki don ɗumama ɗaki. In wuta ta ɗauke, ku ƙara kaya ku haɗu a gado ɗaya, ko ku tafi wurin maƙwabta. Na san na sa miki turaren wuta a jaka. In kina so ki turara, ki buɗe taga, kuma kada ki kwanta garwashi yana ɗaki ko da ƙwaya ɗaya ce. In kun tashi ku duka da ciwon kai lokaci guda, ku fita waje tukuna, tunani daga baya. Shi kuma Karimu kada ki naɗe shi kamar ƙullin goro a cikin ɗaki. Ki sa hannu a bayan wuyanshi. In da gumi, ki rage mishi kaya, don gumin nan shi ke juyewa sanyi in kun fita.

Akwai kuma sanyin da ke zuwa da ruwa, wanda ban ɗauke shi sanyi ba sam. Kina aji uku a lakkwal na kai kaya Kwatano cikin damina. A tunanina ɗari yana da watanninshi, in ba su ba mutum ya sake. Ruwa ya dake ni wurin sauke buhuna, na ƙi barin wurin don ina tsoron a sauya mini kaya. Na yini da jiƙaƙƙen zane, iskar teku tana busa ni, ya bushe a jikina ya sake jiƙa. Bayan kwana biyu haƙarƙarina ya riƙe, in na ja numfashi kamar ana soka mini wuƙa. Na sha citta da kanumfari da masoro, na shafa man zafi, na ci gaba da ciniki. A hanyar dawowa a Paraku anka sauke ni, na yi kwanaki a gadon asibiti, ke kina gida kina tambayar babanki yaushe Inna za ta zo.

Saboda haka jiƙaƙƙen kaya ba a zama da shi, ko safa ce. Ki riƙa yawo da safa ta biyu a jaka, taki da ta yaron. Takalmi ki nemi wanda ruwa ba ya shiga, ba wanda ya yi miki kyau ba. In kin yi alwala ki share ƙafa da tsakanin yatsu kafin ki sa safa, kuma ruwan ɗumi bai ɓata alwalar kowa ba. Wanki kada ki sa wa yaro sai kin tabbata ya bushe har cikin ɗinki. Citta da kanumfarin da na ƙulla miki na kunu ne da shayi, suna ɗumama ciki, suna gyara murya. Ba sa maganin ciwon haƙarƙari. Tari da zazzaɓi, ko numfashi da sauri-sauri, ko yaro ya ƙi abinci ya ƙi wasa, wannan na likita ne, kuma ranar ake zuwa. Kin yi lakkwal, kina jin Faransanci, ba ki da hujjar da nake da ita. Ruwa ma ki riƙa sha ko ba ki ji ƙishi ba. Man kaɗe ki shafa mishi bayan wanka, har leɓe da bayan kunne.

Na ƙarshe ba a fata yake kama mutum ba. Babanki ya rasu farkon kaka, takabata ta ƙare ɗari bai wuce ba. Kina makaranta a Paraku lokacin, ba ki ga wannan ba. Ranar da ya kamata in koma kasuwa na leƙa waje na ce akwai sanyi, sai gobe. Gobe ma haka. Na daina zuwa suna, na daina zuwa gaisuwa, in an yi sallama in ce a ce ina barci. Tuwo in an kawo in ci loma biyu in ture. Duk wanda ya tambaya in ce ɗari ne ke damuna, har ni kaina na yarda.

Gambi ce ta shigo wata safiya ba ta ko tsaya a amsa mata sallama ba. Ta yaye labule, ta yaye bargon da na rufa.

Na ce, "Gambi, sanyi."

Ta ce, "Rana ta kai tsaka, awaki suna neman inuwa. Wane sanyi? Tashi ki yi wanka."

Na ce ba ni da ƙarfi. Ta ce ba ciniki za ni yi ba, zama kawai. Ta tsaya a kaina har na shirya, ta sa ni gaba har rumfa. Ran nan ban sayar da ko ƙwaya ɗaya ba. Amma mai tattasai ta zo ta yi mini gaisuwa, masu dako sunka zo, wani Bakabe da ke saye wurina ya ce ya zaci na bar sana'a. Da yamma na ji yunwa, karo na farko tun rasuwar.

Maigidanki ya ce a can rana tana faɗuwa tun mutane ba su tashi aiki ba, kuma haka za a yi watanni. Shi zai fita da safe ya bar ki da yaro a ɗaki, ba dangi, ba maƙwabciyar da za ta yaye miki labule. Wannan ya fi ba ni tsoro yanzu. Ki fita kullum ko sau ɗaya ne, lokacin da rana ta fi haske, ko zagaya gida kawai za ku yi. Ki nemi masallaci, ki nemi matan da sunka riga ki zuwa, ko 'yan ina ne. Ki gai da maƙwabta ko ba su fara gaishe ki ba. Ki yi girki mai zafi ki ci a zamne, ba a tsaye ba. In kin ga kwana uku kin kasa tashi, komai ya fita ranki, kada ki ce sanyi ne. Ki gaya wa mijinki, ki gaya wa likita, ki kira ni ko wane lokaci ne a nan.

Saura roƙo ɗaya. Duk abin da na rubuta na tsoro ne, kuma ba na so ki rene shi da tsorona. Ran da ƙanƙarar nan ta fara sauka, wadda ake cewa tana zubowa kamar auduga, ki sa mishi kayanshi tsaf, ki fita da shi, ki bar shi ya taka, ya damƙa da hannunshi. Sa'an nan ki kira ni ki ba shi waya. Ni iyakar ƙanƙarar da na sani ita ce ta masu sayar da ruwan sanyi a tasha. Ina so angona ya zama shi ne zai fara gaya mini yadda take.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sanyi da zafi da duk abin da ban sani ba balle in gargaɗe ki a kai. Ya sa ku tarar da mutanen kirki, ya ba ku zaman lafiya ke da maigidanki, ya raya Karimu. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini abin da ya faru a tasha. Tanti Gambi tana gaishe ki, yayyenki ma haka.

Wassalam.

Ni ce innarki,
Rabi mai albasa.